Ranar da Giwa Ta Zo da Baƙuwar Ƙafa

Ni ban taɓa tuƙa mota ba, kuma rubutun Turancin da ke jikinsu ban iya karanta shi ba. Amma a tsayar da ni a kicin ɗinmu na unguwar Ka'akiyya a Makka a rufe min ido, zan faɗi motar da ta karyo kwanar layinmu, in faɗi wanda ke cikinta, wani lokacin har in gane ko ransa a ɓace ya fito daga gida. Karatuna bai yi nisa ba, fita kuma ba ta dame ni ba, sai in yi wata ban leƙa titi ba in ba Harami za mu ba. Abin da Allah ya ba ni kunne ne, kuma da shi na yi shekaru ina gadin maigidana.

Goggona ce ta zo da ni aikin hajji ina yarinya, muka zauna ba mu koma ba. Maigidan shi da girmansa ya zo, da sana'ar kanikanci a hannunsa tun daga Kano. Daga ni har shi babu mai iƙama, wato takardar zama. Wanda aka kama ba shi da ita sai tarhil: a tsare shi, in lokaci ya yi a sa shi a jirgi. Muna da 'ya'ya mata biyu da aka haifa a nan, Kano a baki kawai suka san ta. To kowace safiya in ya sa rigar aikinsa, abin da nake roƙo ɗaya ne, ya dawo ya cire ta a ɗakina.

Gidan da muke ciki na ɗan kawuna ne, wanda nake kira Yaya. Shi a nan unguwar Tandabawi aka haife shi, ɗan ƙasa ne da katinsa, Hausarsa ma rabi Larabci ce. A jikin gidan akwai wani dogon fili mai katanga da muke ce wa hoshi, an yi masa rumfar kwano daga can ciki, da wani tsohon ɗaki a ƙurya inda ake tara ƙarafa. Ƙofar gidanmu da ke buɗewa cikin hoshin tana kusa da get, tagar kicin ɗina kuma tana gefenta. Motocin suna can ƙarƙashin rumfa. Tsakanin rumfar da ƙofarmu fili ne fetal, ko kaza ta ratsa sai an gan ta.

A nan maigidan yake aiki, ana kiransa Mu'allim. Ba ya taɓa motocin zamani, ya ce su ba su da ciwo sai na kwamfuta. Aikinsa tsofaffin motocin Amurka ne masu silinda takwas, waɗanda suka girmi masu su, masu dogon hanci da ƙofa biyu, masu shan mai kamar raƙumi ya dawo daga tafiya. Akwai mutane a garin nan da suka haukace a kansu. Mutum zai bar sabuwar motarsa mai sanyi a rana, ya lulluɓe tsohuwar da mayafi a inuwa yana shafa ta.

Uku ne suka fi zama a hoshinmu, kuma ni na raɗa musu sunan da kowa ya kama. Akwai Mai Doki, ja, da ɗan dokin ƙarfe a hancinta, bayanta ya gangaro a kwance kamar an shafe shi da tafin hannu. Muryarta siririya ce, tana da ɗan kaifi a ƙarshe. Wani matashi ne mai ita, malamin makaranta, jikan Hausawa ne amma in ya ce “ina kwana” sai ka yi dariya. Akwai Mai Tsuntsu, ta Yaya, ruwan zinare, an zana wani ƙaton tsuntsu ya baje fukafukai a kan bonet, rufinta ma ana cire shi gida biyu. Ita kururuwa take yi, ko ba ta gudu sai ta sanar da unguwa ta iso. Sai Giwa. Baƙa ce wuluk, doguwa mai faɗin ƙirji, fitilunta a ɓoye suke sai an kunna su buɗe kamar ido. Ba ta ihu. Gurnani take yi daga ƙasa, kafin kunne ya ji sai kofunan da ke kan kantata su fara kaɗawa. Wani dattijo mai sayar da turare ne yake da ita, Alhaji muke ce masa.

Ranar Alhamis bayan la'asar suke haɗuwa, in dafa musu gahawa in tura, in zauna a bakin taga ina tsince shinkafa ina shan musu. Musun kuwa ɗaya ne kullum, kamar karatun da ba a sauke shi.

“Ya sheikh, motarka a kowane layi akwai irinta,” in ji Yaya ga malamin makarantar. “Ka je Jidda ranar Juma'a, sai ka ɗauka garken awaki ne. Duk yaron da ya fara gemu Mai Doki yake nema.”

“Abu mai kyau ake rububi, ya ammi,” wato baffa, in ji malamin. “Taka fa? An zana kaza a goshi, ana yawo kamar motar kai amarya.”

“Gaggafa ce, marar kunya.”

“Wallah kaza ce, an gasa ta ma.”

Alhaji ba ya sa baki sai sun gaji. Sai ya kurɓi gahawa ya ce, “Ku yara kuna ta gardama a kan riga. Ku kashe naku in tayar da tawa, in kofin nan bai motsa a kan tire ba na ba ku ita kyauta.” Su kuma su ce ai Giwa ba a samun kayanta, ƙusa ɗaya sai an jira wata uku, in ta shiga lungu kuma sai an tara jama'a kafin ta juyo. Ya ce ai shi ya sa ba kowa ke da ita ba.

Akwai wani abin alfahari da malamin makarantar yake maimaitawa har na haddace. Wai kujerar bayan Mai Doki tana kwantawa, a bayanta kuma akwai 'yar ƙofa da ke shiga but, sai ka shimfiɗa katifa ka miƙe ƙafa ka yi barcinka in ka je shan iska garin Ɗa'if. “Ka ja ƙarfen da ke gefen kujerar, ta faɗo, ka murɗa na tsakiya, halas.” Yaya ya ce masa to ai akori-kura ya saya ke nan, sai ya fara dakon kankana. In suka juyo kan maigidan suka ce Mu'allim ya raba gardama, sai ya ce shi likita ne, duk marasa lafiyarsa ne. Amma na sani Giwa yake so. In yana gyara kafiretarta har magana yake yi mata a hankali.

Ga yadda muke tsaronmu. Bututun ruwan da ya sauko daga tankin sama ya bi ta kicin ɗina, ya ratsa katanga, ya tafi har ƙarƙashin rumfa inda yake wanke hannu. A farkon layinmu kuma akwai tudun rage gudu, duk motar da za ta shigo sai ta lafa a kansa. In na ji motar da ban sani ba ta hau tudun, sai in ɗauki 'yar taɓaryar tagulla da nake daka hel, ɗan ƙamshin da ake sa wa gahawa, in buga bututun sau uku. Daga tudun zuwa get ɗinmu akwai lokacin da zai ajiye sifana, ya ratso fili, ya shigo gida. In na buga ba tsayawa, to kaki na gani. Shekara da shekaru muna haka, sau da yawa mai kawo gas ne ko wani ya ɓata hanya, ya shigo ya sha ruwa ya koma yana min tsiya wai kunnena ya fi na zomo.

Shi kuma yana da wata ɗabi'a. Duk motar da yake aiki a kanta, makullinta a aljihunsa yake zama, ba ya rataye shi a ƙusa. Dalili, an taɓa fita da wata mota yana salla alhali bai ɗaure birki ba, Allah ya kiyaye. Tun daga ranar ya ce makulli sai ya gama.

Ranar da nake son ba da labarinta tsakiyar zafi ce, irin zafin Makka da in ka taɓa ƙofar ƙarfe sai ka tuna. Bayan azahar ne, yaran suna unguwar Utaibiyya wajen goggo. Mai Doki tana ƙarƙashin rumfa, an juya bayanta wajen bango, maigidan ya buɗe but yana gyara wayar fitilun baya. Yaya yana zaune a inuwa kusa da get yana latsa waya. Ni ina yanka albasa.

Kofuna suka fara kaɗawa. Na ce a raina, Alhaji ne da tsakar rana haka, na ci gaba da yankana. Yaya ma ya ji, ya tashi ya buɗe get gaba ɗaya kamar yadda ya saba yi mata. A nan na yi kuskurena. Na ji motar na saki jiki, ban saurari ƙafar da ke kanta ba. Alhaji in ya zo tudun nan lallaɓa ta yake yi, ya hau a karkace, ya jira bayan ya sauka kafin ya taka. Wannan kuwa a miƙe ya hau, salansa ta daki tudun, ya taka mai tun bayan bai sauka ba. Sai da na ji ƙarar ƙarfen nan wuƙar ta tsaya a hannuna. Giwa ce, amma ƙafar ba ta Alhaji ba ce.

Kafin in lalubo taɓaryar har hancinta ya shigo get. Ta tagar na hango hannun riga a kan sitiyari, da tambari a kafaɗa. Na dinga buga bututun ba tsayawa har taɓaryar ta kuɓuce ta faɗa cikin kwano.

Maigidan ba shi da hanyar ratso fili, mutumin yana tsakaninsa da ƙofarmu. Ɗakin ƙarafa kuma a kulle yake da kwaɗo. Ban gan shi ba, jikin Mai Doki ya kare shi, amma na ji komai: takalminsa ya goga a ƙarfe, motar ta ɗan nutse, sannan murfin but ya rufe, ƙyas. Gurnanin Giwa ya rufe ƙarar, sai ni kaɗai na ji, da Yaya da ya waiga daidai lokacin.

Mutumin ya kashe mota ya fito. Ba tsoho ba ne, zai yi arba'in, kakinsa a goge, da alama daga wajen aiki yake. Ban san na wane ɓangare ba ne, mu a wajenmu kaki kaki ne. Ya yi sallama da Larabci, ya ce shi ya sayi motar daga hannun Alhaji shekaranjiya, kuma Alhaji ya ce masa mutum ɗaya ne a Makka ya san cikinta, wani Mu'allim a hoshin nan. Ina yake?

Yaya ya ce, “Ya tafi Jidda neman kaya, sai gobe ko jibi.”

Da mutumin ya juya a nan, da ba ni da labari. Amma idonsa ya faɗa kan Mai Tsuntsu, ya ce ma sha Allah, ya taka zuwa rumfa. Yaya kuwa, tsoro da tarbiyya suka haɗu suka tura bakinsa. A garin nan baƙo ba ya tsayawa a filinka ka bar shi haka, in ka bar shi ma sai ya yi tunanin wani abu. Sai ji na yi ya ƙwanƙwasa ƙofarmu ya ce, “Ƙanwata, gahawa.”

Na ɗora butar. Na ce bari in ɓata ta ya sha kofi ɗaya ya tafi. Na ƙi sa hel, na bar ta ta yi ta tafasa har ta yi ɗaci. Na tura tiren ta bakin ƙofa na koma taga. Al'adar gahawa kuwa, ana ta zuba wa baƙo har sai ya girgiza kofin da hannunsa. Na kasa kunne ina jiran in ji ya ce ya isa. Sai na ji ya ce wa Yaya irin wannan gahawar mahaifiyarsa take yi a ƙauye, mutanen birni sun lalata ta da kayan ƙamshi. Ya miƙa kofi aka ƙara.

Daga nan ya buɗe musun ranar Alhamis, shi kaɗai, a tsaye tsakanin motocin biyu. Ya ce Mai Tsuntsu ta masu son a kalle su ce, yana yaro akwai wani maƙwabcinsu mai irinta, duk layin sai an fito. Ya ce amma ado ne ya yi mata yawa, in ka cire tsuntsun me ya rage? Yaya, wanda a kan wannan maganar yake iya kwana yana faɗa, ya ce, “Sahih, gaskiyarka.” Mutumin ya dawo kan Mai Doki. Na ji ya ɗora tafin hannunsa a kan rufinta, ya ja shi a hankali har gangaren bayan. Ya ce wannan ita ce farin jinin, ko wanda bai san mota ba ya san dokin nan, kayanta kuma ko a kantin lungu ka samu. Ya ce ya daɗe yana auna ita da Giwa kafin ya saya, abokansa duk Mai Doki suka ce, shi kuma ya ga kowa yana da ita. Ya bubbuga murfin but da yatsa sau biyu yana cewa, ga fenti.

Ni fa duk wannan da rabin kunne nake ji. Ɗaya rabin yana cikin but. Maigidan yana da wani tari da hayaƙin mota ya bar masa, kuma na san ƙarar da maƙogwaronsa yake yi in yana danne shi. Ina jin ta, siririya, kamar ana murza busasshen ganye. Rumfar kwano ce a sama, ƙarfe a kewaye da shi, ga warin fetur, ga rana tana tsakiyar aikinta.

Sai mutumin ya ce, “Tayar min da ita in ji muryarta kusa da tawa.”

Na ji takun Yaya zuwa allon da ake rataye makullai. Na ji ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya suna ƙara. Sannan ƙarar makullan ta tsaya. Da ya yi magana muryarsa ta sirance kamar ba tasa ba, ya ce makullin yana wajen mai ita. A lokacin ni ma na tuna. Makullin yana aljihun wanda ke cikin but, kuma tsofaffin motocin nan ba a buɗe but ɗinsu daga ciki. Ko mutumin ya tafi yanzu, babu abin da za mu sa a ramin makullin. Na ƙara matsa kunnena jikin taga.

Aka zuba kofi na huɗu. Mutumin ya koma labarin fitilun Giwa, wai ɗaya tana buɗewa ɗaya tana makara. Ina jin farcen maigidan yana karce ƙarfe daga ciki, a hankali, yana laluben abin da zai murɗa. Can karcen ya zama bugu da yatsa ɗaya, yana yi yana hutawa. Yaya ya ɗaga murya yana tari na ƙarya don ya rufe. Sai bugun ya daina. Na ƙirga numfashina har ashirin ban ji komai ba, har ƙarar maƙogwaron ta tafi.

Na tsaya ina auna abu biyu. In na fita na ce mijina yana ciki a fasa, za a fasa, a fito da shi a miƙa shi, wataƙila da ni. In na yi shiru, ban san abin da za a fito da shi ba. Ina cikin haka idona ya sauka a kan abayoyin da ke rataye a bayan ƙofa, tawa da ta goggo da ta bari.

A nan garin in mace za ta ratsa inda maza suke, ana cewa “ɗarig”, wato a ba da hanya, maza su kau da kai ko su fice. Babu namijin da zai tsaya tambaya, ko waye shi. Na sa abayata na rufe fuska, na naɗe ta goggo a hammata, na ɗauki gorar ruwa. Na tsaya a bayan ƙofa na ce da ƙarfi, da Larabci don baƙon ya ji, “Ɗarig, Yaya. Goggo tana ɗakin ƙuryar hoshi jikinta ya tashi, zan shigo da ita.”

Yaya ya gane nan take. Ya ce wa mutumin, “Tafaddal, mu ɗan tsaya a waje, iyali za su wuce.” Na ji an ajiye kofi a tire. Takunsu ya wuce ta gaban ƙofata, ya fita. Get bai rufu duka ba saboda Giwa tana tsakiyarsa, gefe ɗaya kawai Yaya ya iya jawowa.

Ban san yadda na ratsa filin ba. Ƙofar Mai Doki nauyi gare ta kamar ta gidan sarauta, hannunta ya ƙona min tafi. A rayuwata ban taɓa shiga motar nan ba, amma muryar malamin makarantar tana kaina kamar yana tsaye a gefena. Na tura kujerar gaba, na rarrafa baya. Ka ja ƙarfen da ke gefe. Na laluba gefen dama babu, na laluba hagu na samu, na ja, kujerar ta motsa ta tsaya. Ashe gefe biyu ne, shi bai taɓa faɗin haka ba. Na sa gwiwa na danne ɗaya, na miƙa hannu na ja ɗayan, ta faɗo. Ga 'yar ƙofar. Na murɗa na tsakiya, ya ƙi, na murɗa ɗaya wajen da hannu biyu ina kiran sunan Allah, ta buɗe.

Zafin da ya fito ya bugi fuskata kamar na buɗe tanda. Kansa yana wajena, idonsa a rufe, bakinsa a buɗe, rigarsa sharkaf. Na kama wuyan rigar na ja. Mutum ne mai jiki, ban san inda na samo ƙarfin ba, na dai ga kafaɗunsa a kan cinyata. Na zuba masa ruwa a ka da wuya, na sa bakina a kunnensa na ce, “Malam, tashi. Malam, kada ka yi min haka.” Na mintsine shi a hannu, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Ya ja wani numfashi mai ƙara, tarin ya taso, na toshe masa baki da gefen abayata har ya lafa.

“Yana nan?” Abin da ya fara cewa ke nan.

“Yana bakin get. Yau kai ne goggo, sunkuya.”

Na lulluɓa masa abayar tun daga ka. Ta tsaya masa a ƙwauri. Ƙafafunsa ga su nan a waje, manya, baƙin mai har idon sawu, cikin silifas na roba. Babu yadda zan yi da su. Na rataya hannunsa a wuyana muka fito fili, yana jan ƙafa, ina cewa, “Sannu Goggo, a hankali, saura kaɗan.” Filin nan da nake sharewa kullum, ranar ya yi min nisa kamar tsakanin Safa da Marwa.

Da muka zo daidai get na saci kallo. Mutumin ya ba mu baya, hannunsa a kan rufin Giwa, Yaya yana ta zuba masa surutu. Amma madubin gefen motar yana kusa da gwiwar hannunsa, kuma ni ina ganin fuskarsa a ciki. Ban san inda idonsa yake ba. Ba tare da ya juyo ba ya ce, “Salamat, ya Hajja. Allah ya ba da lafiya.” Na matse hannun maigidan don kada bakinsa ya amsa da kansa, na ce amin a madadinsa, muka faɗa cikin gida.

Na kwantar da shi a kan tayil a gaban na'urar sanyi, ina ba shi ruwa da cokali. Kunnena kuma yana waje. Mutumin ya dawo cikin hoshi, ya tsaya daidai inda muka bi. Ya ce zai bar motar, zai kira a zo a ɗauke shi. Ya ce, “In Mu'allim ya dawo daga Jidda ka ce masa tana tari da safe, da fitilar nan. Ba sauri nake yi ba. Ya huta tukuna, hanyar Jidda da zafi a kwanakin nan.” Na ji makulli ya faɗa a tafin Yaya.

Kwana uku maigidan bai fita hoshi ba. Yaya ya ce mu tattara mu koma Utaibiyya kafin a zo. Muka ɗaure kaya a jaka biyu muka ajiye a bayan ƙofa, duk motar da ta hau tudu sai in leƙa taga. Ba wanda ya zo. A rana ta huɗu na ji maigidan ya buɗe bonet ɗin Giwa yana yi mata magana a hankali, na ce a raina wannan mutumin ba zai canja ba. Ya gyara ta, Yaya ya kai wa mai ita har gida.

Makullai yanzu a ƙusa suke kwana, ya daina sa su a aljihu. Kwaɗon ɗakin ƙarafa ma an cire. Ranar Alhamis ana nan ana musu, sai dai babu Alhaji, kuma Yaya ya daina kiran Mai Doki akori-kura. Malamin makarantar bai san dalili ba, yana ganin hujjarsa ce ta yi ƙarfi. Rannan da daɗi ya kama shi har ya ɗaga murya wajen tagata ya ce, “Ya khala,” wato inna, “ke wacce kika zaɓa?” Na ce jar. Maigidan ya ce ai mata ba su san mota ba, Giwa ita ce mota. Na bar shi.

Mai kakin yana zuwa har yanzu, duk bayan wata biyu ko uku. Bai taɓa ganin Mu'allim ba, kullum yana Jidda, shi kuma bai taɓa tambayar me ya sa ba. Ya koyi hawa tudun a karkace. Amma in ya sauka sai ya tsaya a farkon layi, ya taka mai sau biyu a tsaye har kofunana su kaɗa, ya ɗan jira, sannan ya taho a hankali. Yaya ya ce gargaɗi yake ba mu. Maigidan ya ce a'a, duk mai Giwa haka yake yi don unguwa ta ji. Ni na saurari ƙafar nan iya saurarona ban gane ba. Jakunkunan biyu suna nan a bayan ƙofa ban kwance su ba, kuma duk ranar da ya taka, taɓaryar tana hannuna kafin ya yi na biyun.